Kafin ka biya kai ne Alhaji, bayan ka biya wayarka ba ta shiga

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da magana, a yi mani haƙuri za ta ɗan yi tsawo. Sati uku ke nan da na sayi mota a wani parki nan cikin Maraɗi. Ba zan faɗi sunan wurin ba, ba zan faɗi markar motar ba, don ba tonon asiri ya kawo ni ba. Shekara huɗu ina tara kuɗin nan, har ɗan filin da na gada a hanyar Madarumfa na sayar na cika. Ranar da na je, wallahi ban taɓa ganin tarba irin wannan ba. Aka jawo kujera, aka aiki yaro ya kawo ruwan sanyi, aka ɗora shayi. Ni da ko Gaya ban taɓa wucewa ba, sai ji nake ana ta Alhaji, Alhaji. Mai wurin ya dafa ƙirji ya ce wata tsohuwa ce ke hawan motar a Turai, daga gida sai kasuwa. Kontar ta nuna kilomita 92,000. Muka daidaita a miliyan 4 da jikka 300, dillali ya karɓi la'adarsa. Maganar ƙarshe da mai wurin ya yi mani ita ce, ko tsakar dare wani abu ya taso in kira shi.

Kwana tara da saye na kama hanyar Tasawa. Ina wuce Cadawa ta fara fizga in za ta canza giya, sai wari kamar na ƙonewa. Janyo ta aka yi. Bakanike ya buɗe, man bwat, wato akwatin giya, baƙi ƙirin, da garin ƙarfe a ciki. Ya ce sai an sauya bwat ɗin gaba ɗaya, jikka 450. Tun ranar nake kira, tana shiga ba a ɗauka. Na je da ƙafata sau biyu, an ce Alhaji ya yi tafiya. Yaron da ya ba ni shayi ko tashi bai yi ba.

Tambayata biyu ce. Ina da wani haƙƙi ko in rungumi ƙaddara? Sannan babana, Allah ya jiƙansa, kullum cewa yake in za ka sayi mota ka sayi Toyota ka huta. Ni na kauce na sayi wata don ta fi kyan gani kuma ta fi sauƙi. Laifin marka ne ko laifin mutane?

Ɗan Jami'a:
Wa alaikumus salam. Yaya, Allah ya mayar da alheri. Amma wannan tsohuwar ta Turai Allah ya ƙara mata lafiya, rabin motocin garin nan ita ta hau su.

Hajiyar Zariya:
Kai yaro, mutum na cikin zafi kana raha. Amma dai ka faɗi gaskiya, ni ma an taɓa sayar mani da labarinta.

Mai Garaji:
Sannu ƙanena, Allah ya sa iyakar asarar ke nan. Kafin a kai ga marka bari in tambaye ka. Da wane lokaci ka je gwajin motar? Ka tarar da injin a kunne ko a kashe? Kuma wa ya raka ka?

Ɗan Bagalam:
Bayan azahar ne, Yaya. Na tarar an kunna ta, kilim na ta busa sanyi. Dillalin ne kawai ya raka ni, muka zaga ta wajen babbar kasuwa muka dawo.

Mai Garaji:
To ka gani. Motar da za ka saya da sassafe ake zuwa mata, kafin kowa ya taɓa makulli, ka ɗora hannu kan injin ka ji shi da sanyi. Ciwon inji da na bwat da yawa suna ɓuya in ƙarfe ya ɗumama, wasu kuma ba su fitowa sai an yi tafiya mai nisa. Zagayen cikin gari a giya ta biyu ba gwaji ba ne. A hau kwalta, ko da zuwa Tsibiri ne a dawo, a bar ta ta shiga kowace giya, a taka ta sosai a ji yadda take sauka. Bwat otomatik da ta fara mutuwa akwai mai kauri da ake zuba mata ta yi shiru kwana kaɗan. Wanda ya zuba ya san abin da yake yi.

Ita kuma kontar, ku daina yarda da ita. Yaro mai ƴar kwamfuta yana mayar da 250,000 ta koma 90,000 kafin shayinku ya dahu. Ku duba robar birki, ku duba sitiyari inda hannu ke kamawa, ku duba gefen kujerar direba. Motar da ta yi 90,000 ba ta cinye robar birki har ƙarfe ya leƙo. In ƴar Amurka ce ku tuna mil take ƙirgawa, kowane mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato in ta nuna 100,000 to 160,000 ta yi. Akwai lambar shasi, haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba da jikin ƙofa. Ƴan Amurka da Kanada ana iya bin tarihinsu da wannan lamba a intanet, wani lokaci har hoton ranar da aka yi gwanjonta za ka gani, gabanta a murƙushe. Wadda ambaliya ta ci kuma, ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, za ka ga shatin ruwa, ka leƙa ƙarƙashin kujera ka ga tsatsa. Ni jikka biyar nake karɓa in raka mutum, amma mutane sun fi son su riƙe jikka biyar su yi asarar jikka ɗari biyar.

Ɗan Parki:
Salamu alaikum. Ni sana'ata ce ake magana a kai, don haka ba zan yi shiru ba. Da farko ina jajanta wa ɗan'uwa. Ƙin ɗaukar waya ba hali ba ne, ban goyi bayansa ba. Amma a riƙa yi mana adalci. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motar da ta shekara 15 a ƙasar wasu, ta hau jirgin ruwa, ta kwana a tashar jirgi, ta yaya zan rantse maka a kan abin da ke cikin cikinta? Mu kanmu cinikin biri a sama muke yi. Hoto ake turo mana ta WhatsApp, mu tura kuɗi, sai ta iso mu ga abin da Allah ya ba mu. Na taɓa karɓar mota an yanke katalizarta, wato matatar hayaƙi ta salansa, an liƙa bututu, saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki, ba wanda ya biya ni.

Kuma ku tuna yadda hanya ta koma. Da daga Kwatano ne, Malanbil, a haye gada a shigo Gaya, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, ga ka a gida. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da aka rufe iyakar Benin, sai ta Lome, a ratsa Burkina, a jira ayari da rakiyar soja, a shigo ta Tera. Mota sai ta yi makonni a hanya, kuɗinka a kwance, batir ya mutu, madubi ya ɓace. Kafin wannan ma, tun Janairun 2017 da Najeriya ta hana shigar da motoci ta iyakar ƙasa kasuwarmu ta ragu, don da yawan masu sayenmu daga Katsina da Kano suke. Ribar da kuke zaton muna ci ba ta kai haka ba. In na ɗauki gyaran kowace mota bayan sayarwa, wata uku na rufe.

Hajiyar Zariya:
Alhaji, duk mun ji, Allah ya sauƙaƙa. To amma me ya sa ba ku faɗin haka ranar ciniki? Ranar ciniki ba rariya ba ce, sabuwa ce dal, tsohuwa ce ke hawa. Sai kuɗi sun shiga aljihu take zama rariya.

Ɗan Parki:
Hajiya, in na ce wa mai saye ban san cikinta ba, zai wuce parkin gaba inda za a rantse masa da Allah, ya saya can. Ku masu saye ku kuka koya wa ƴan kasuwa ƙarya, don mai gaskiya ba ku saye wurinsa.

Hajiyar Zariya:
A'a, nan kam ban yarda ba, kuma ni shaida ce. Shekara uku da suka wuce na tashi sayen mota don kai kaya Dakwaro da Mayayi ranar kasuwa. Na tafi da ƙanena. Parkin farko da muka shiga, mai wurin ko kallona bai yi ba. Duk tambayar da na yi, ƙanena yake ba amsa. Da na matsa sai ya ce, Hajiya ki bari maigidan ya zo mu yi magana. Kuɗin kuwa suna cikin jakata, guminna ne, na atamfa da kayan kicin. Na ce wa ƙanena tashi mu tafi. Wuri na biyu wani saurayi ne, motocinsa ba su fi shida ba. Ya zaga da ni, ya ce wannan an yi mata fenti a ƙofar baya, wannan tana ɗan shan mai, wannan kilim ɗinta sai an sa gas. Na ce to wacce za ka saya wa mahaifiyarka? Ya nuna wata RAV4 da ba ta fi sauran kyau ba. Na saya. Bayan wata biyu wani abu ya yi ƙara a ƙafar gaba, na kira shi, ya turo yaronsa da bakanike har ƙofar gida. Ni na biya piyas, wato kayan gyara, shi ya biya aiki. Daga ranar zuwa yau mutum huɗu na kai masa, duka sun saya, har da mijin ƙawata. Yanzu ko keken ɗinki ya ce in saya zan saya. Wancan na farkon kuwa har gobe in na bi ta gaban parkinsa sai na kau da kai.

Tsohon Direba:
Ɗana ne ka rubuta mani, ni ina faɗi. Ɗan Bagalam, babanka ya yi gaskiya amma bai gaya maka dalili ba. Mu da munka fara tuƙi, wa ya san Toyota in ba Land Cruiser ta gwamnati da ta masu furoje ba? Peugeot ita ce mota. 404 bashe, mai buɗaɗɗen baya da tamfol, ita ka ɗaukar gujiya da mutane da awaki, 504 mai dogon baya ita ka zuwa Yamai da Damagaram. Mun rantse ba mu barin ta har abada. Mi ya sa? Tun 1975 ana haɗa ta a Kaduna. Duk abin da ya karye, ka bi ta Ɗan Isa ka shiga Jibiya, in babu ka ƙarasa Katsina ko Kano, da yamma kana gida. Kowane yaron garaji shina kwance kaburetarta ido rufe. Na taɓa ɗaure ta da igiyar guga tsakanin Gidan Rumji da Madawa ta kai ni gida. To yau ina rantsuwar tamu? Da piyas ɗin ya koma wajen Toyota, duk munka bi shi kamar tumaki sun ga dusa. Hiace ta kore 504 daga tasha, Hilux ta gaji bashe. Ba ƙarfe muka wa biyayya ba, ɗana, shagon piyas muka bi.

Ɗan Jami'a:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan ai shi ne sabo turken wawa. Saboda kowa na tsoro, ana sayar mana da Corolla mai shekara 18 kuɗin da zai sayi Hyundai ko Kia da ta fi ta ƙuruciya da shekara biyar ko shida. Suna kawai muke biya. Ga motocin Sin nan sun fara shigowa. Babura ma haka aka yi, da ana raina na Sin, yau duk kabu-kabun garin nan me suke hawa?

Mai Garaji:
Ɗalibi, ka kawo misalin da ya kashe maganarka. Babur ɗin Sin ya ci kasuwa ne ranar da piyas ɗinsa ya cika kowane lungu, ba ranar da ya iso ba. Ni ban ce motocin Koriya ba su da kyau ba, ina gyara su, injinsu lafiya lau. Amma zo garajina ka ga wata mota, ba zan faɗi sunanta ba, sati biyar tana shan ƙura saboda ɗan wani abu da bai kai akwatin ashana ba. An nema a nan babu, Kano babu, yanzu daga Dubai ake jira. Da Corolla ce, kafin in gama sallar la'asar yaro ya kawo kala uku, sabo da na Kwatano da na Sin, ka zaɓi daidai aljihunka. Sannan ranar da buƙata ta taso, aure ko asibiti, mai Toyota ya sa ta kasuwa da safe, da yamma an taya. Kai kuwa za ka yi wata uku ana ce maka albarka a bakin rabin kuɗinka.

Ɗan Jami'a:
To in kowa ya ce sai piyas ya zo zai saya, mai piyas kuma ya ce sai motoci sun yi yawa zai kawo, yaushe za a fara?

Mai Garaji:
Ka fara mana da kuɗinka, mu muna bayanka da addu'a.

Ma'aikacin Furoje:
Bari in kawo ɓangaren sabbin motoci, tunda ni ke kula da motocin wurin aikinmu. Mu daga kamfani muke saye a Yamai, sabuwa fil, da garanti a rubuce, shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Gaskiya tarbar can daban ce. Akwai faktir, akwai littafin da ake buga wa hatimi duk lokacin da aka yi bidanj, wato canjin man inji, in ka kira ana ɗauka, in piyas na cikin garanti a sauya ba ka biya ko dala ba. Sai dai garantin yana da sharaɗi, dole a riƙa yin gyara inda suka amince. Daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne. Ka lissafa gazuwal zuwa da dawowa, kwanan direba, kwana biyu ko uku mota ba ta aiki. Ƙungiya za ta iya, ɗan kasuwa mai mota ɗaya fa? Shi ya sa ko masu hali a garin nan, da sun yi bidanj na farko da na biyu sai su koma wurin bakanikensu na unguwa, garanti ya bi ruwa. Ni a ganina wanda ya fara kawo garaji na ƙwarai nan Maraɗi, da na'urar bincike da piyas na asali da takarda, ko wace marka yake sayarwa zai kwashe mutane.

Ɗan Parki:
Ka ga wannan garantin da kake yabo, an saka kuɗinsa cikin farashi. Sabuwar Hilux ɗaya kuɗinta ya sayi motocin parkina guda nawa? Ba a haɗa mu da su.

Ma'aikacin Furoje:
Ban haɗa ku ba, Alhaji. Amma takarda ba ta da tsada. Ka rubuta cewa inji da bwat suna wuyanka kwana bakwai ko goma, sauran na mai saye ne. Ko ka ƙara jikka hamsin a kan farashi saboda haka, mutane za su biya.

Ɗan Parki:
Ni ina yin haka ga wanda na sani. Sati ɗaya, inji da bwat. Amma na taɓa ba wani, ya ɗauki mota ya ba ƙanensa, yaro ya shiga da ita gulbi da damina ruwa ya shiga inji, suka dawo wai in biya. Har gaban manya muka je. Masu saye ma ba mala'iku ba ne.

Direban Dakwaro:
Ni tambaya gare ni ga Mai Garaji tunda ana maganar inji. Bakanikena ya ce in cire tamostat saboda zafin watan Afrilu da Mayu, wai na ƙasar sanyi ne. In cire?

Mai Garaji:
Kar ka cire. Shi ke riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. In ka cire, da sanyin hunturu inji ba ya ɗumama da wuri, ya riƙa shan esans yana cin kansa. In motarka na zafi, a wanke radiyata, a duba fanka da murfin radiyata, a daina zuba mata ruwan rijiya. Kuma da ƙurar nan tamu ka riƙa duba filtar iska, kar ka jira lokacin da littafi ya faɗa, littafin bai san hanyar Dakwaro ba.

Admin:
Jama'a a dawo kan maganar Ɗan Bagalam. Mai tambayar gyara ya buɗe nasa zaren. Kuma na goge saƙo biyu da aka ambaci sunan wani parki, mun ce ba a kama suna a gidan nan.

Malam na Mokoyo:
Bismillah. Tambayarsa ta farko ba a amsa ba, shin yana da haƙƙi. Yana da shi. A fiƙihu, wanda ya sayi abu sannan ya gano tsohon aibi da ke rage darajarsa, wanda ba a nuna masa ba kuma ba ya ganuwa da kallo, yana da zaɓin mayarwa, ko a daidaita a rage masa gwargwadon aibin. Cewar mai sayarwa na sayar yadda take ba ta wanke shi daga aibin da ya sani ya ɓoye. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa an rufe da busasshe, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Man da aka zuba don bwat ta yi shiru, da jiƙaƙƙen hatsin da aka rufe, ban ga bambanci ba.

Amma Alhaji Ɗan Parki ma yana da gaskiya a wuri ɗaya, sai an tabbatar aibin ya riga ciniki. Don haka, Ɗan Bagalam, kar a zubar da man nan, kar a taɓa bwat ɗin. Ka samu bakanike biyu da ba su san juna ba su duba. Ka nemi dillalin, don shi ne shaida kuma ya ci la'ada. Sannan kar ka fara da kwamisariya. Ƴan parki suna da manyansu, kuma ɗan kasuwar Maraɗi ya fi tsoron a kira shi gaban sa'o'insa da a kira shi gaban hukuma. In wannan bai yi ba, ƙofar shari'a a buɗe take. Akwai takarda tsakaninku?

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka da alheri, Malam. Takardar sayarwa ce kawai da ta duwan, sai katgiriz, takardar mallakar mota, da ake kan yi. Ba a rubuta komai kan garanti ba. Amma saƙon murya yana nan a wayata, inda yake cewa inji da bwat lafiya lau, in kira shi ko tsakar dare.

Ɗan Jami'a:
Yaya, tura wannan saƙon wayoyi uku yanzu-yanzu kafin aljanu su goge shi.

Ɗan Parki:
Biyo ni ta gefe ka gaya mani wurin. In wanda nake zato ne, ba mugu ba ne, bashi ne ya yi masa yawa, motocinsa uku sun maƙale a hanya. Ba uzuri ba ne, amma zan yi masa magana. Irin wannan mu duka yake ɓata wa suna.

Tsohon Direba:
Madalla da kai, Alhaji. Da can haka a ka yi. Wanda ya saida maka mota shi ka zuwa sunan ɗanka. Ni mutum guda na yi wa ciniki shekara ashirin, mota huɗu, Peugeot biyu Toyota biyu. Da ya rasu ban sake sayen mota ba.

Hajiyar Zariya:
Allah ya jiƙansa, Baba. Ɗan Bagalam, in kun zauna kar ka yarda da Allah ya ba ka haƙuri kawai. Haƙuri ba ya sayen bwat.

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum, na dawo da labari kamar yadda na yi alkawari. Jiya bayan la'asar muka zauna, ni da mai parkin da dillali da wani dattijo cikin manyansu, Alhaji Ɗan Parki ma ya zo da kansa, Allah ya biya shi. Ashe mutumin bai je ko'ina ba, yana gari. Da farko ya rantse bai san komai ba, haka ta iso masa. Na kunna saƙon muryar, bakanikena ya ajiye galan ɗin man a tsakiya. Dattijon ya sa aka kira yaron wurin, ya tambaye shi ko an taɓa motar kafin a sayar. Yaro ya sunkuyar da kai ya ce an kai ta garaji ana gobe zan zo. Daga nan murya ta sauka.

Na so a karɓi mota a ba ni kuɗina, ya ce wallahi kuɗin sun tafi Lome tun satin da na biya. Aka yanke zai biya jikka 250 cikin 450. Ya ba da 150 a take, saura 100 ƙarshen wata, an rubuta, mutum uku sun sa hannu. Dillali kuwa ya ce la'ada ba ta komawa, ya riga ya ci. Ban ji daɗi duka ba, jikka 200 za su fita daga aljihuna a kan laifin da ba nawa ba, amma na karɓa.

Kan marka kuma har yanzu ban yanke ba. Bakanike na biyu ya ce injin garau yake, in an sa bwat mai kyau za ta yi mani shekaru. Matata ta ce a gyara a sayar a sayi Corolla ko da tsohuwa ce, mu huta da zaman garaji. Ni kuma ina son motar, ba zan ɓoye ba.

Ɗan Jami'a:
Riƙe ta, Yaya, mu samu na biyu a jam'iyyarmu.

Hajiyar Zariya:
Bi maganar matarka. Ni dai tambayata, jiya an ɗora maka shayi?

Ɗan Bagalam:
Ina fa, Hajiya. Ruwan randa ma sai da na roƙa.

Mai Garaji:
Kar ka sayi bwat ɗin da ba a ba ka kwanakin gwaji ba, kuma kar ka biya duka sai an ɗaura an hau kwalta. Turo mani lambar shasi in tambaya nan da Kano, don irin motarka bwat kala biyu gare ta, in aka kawo wadda ba ita ba kwamfutar motar ba za ta karɓa ba. Man da za a zuba ma ka saya da hannunka, wanda littafinta ya faɗa, a buɗe galan a gabanka. Gobe ina garaji tun bakwai, in ka wuce tara na tafi Madarumfa janyo wata.